Ta yaya za a tsara manufar da za ta haɗa shara, noma da sana'a wuri guda a Jihar Gombe?

Ɗan Akko ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a sashen tsare-tsare na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin jiharmu, kuma an nemi mu ba da shawara a rubuce kan yadda za a kyautata tsaftar muhalli tare da sama wa matasa abin yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matsalolin da ake kawo mana ɗaya bayan ɗaya, kowace da fayil ɗinta, a zahiri ɗaure suke da juna. Leda tana toshe magudanan ruwa a cikin garin Gombe, ruwan damina ya rasa hanya ya bi ta gidajen mutane, ya ƙara zurfafa kwarurrukan da suka daɗe suna cin unguwanni. Manomi yana kukan tsadar takin zamani, alhali kashin dabbobi da abin da ake fitarwa daga mahauta suna nan jibge suna damun maƙwabta. Tun 2019 gwamnati take dashen itatuwa a ƙarƙashin shirin Gombe Goes Green, amma daga 2023, da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, aka koma ga gawayi da itace. Ana tufka ta nan, ana warwarewa ta can.

Na ji masana suna cewa mafita ita ce a dubi al'amarin a dunƙule, a tsara manufa ta yadda abin da wani ya zubar zai zama jarin wani. Maganar ta kwanta mini, amma ina so in san yadda ake aiwatar da ita a aikace. Daga ina ake farawa? Kuma shin hakan zai yiwu a gwamnatin da kowace ma'aikata take da kasafinta dabam? Ina roƙon malamai da masu sana'a da ke nan su taimaka mini da abin da suka sani.

Malamin Kashere ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba da rubuta manufa ake farawa ba, da bin sawun kaya ake farawa. Ka zaɓi abu ɗaya da yankinka yake samarwa da yawa, ka bi shi tun daga gona har inda ragowarsa take ƙarewa, kana rubuta abin da ya shiga, da abin da ya fita, da hannun wanda ya faɗa, da kuɗin da aka biya ko aka yi asara a kowane mataki. Idan ka gama, za ka ga wuraren da zaren ya tsinke, kuma a waɗannan wuraren ne gwamnati take da aikin yi. Sauran wuraren, inda mutane suka riga suka daidaita tsakaninsu, abin da ya fi shi ne a bar su.

Ɗauki shinkafar noman rani ta Dadin Kowa a matsayin misali. Ruwa yana fitowa daga madatsar da ke kan kogin Gongola, manomi ya sayi iri da taki da man injin ban ruwa, ya girbe, ya bar bambaro a gona, wanda ko dai shanu su ci ko a cinna masa wuta. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta tafi wurin masu turarawa, su kuma su ƙona itace mai yawa kafin ta turaru. Daga nan ta je injin casa, inda ɓuntu kaɗai yake kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin abin da aka kawo, ban da dusa da tsaki. To ka lura da abin da ya faru: mai turara tana sayen itacen da aka saro daga daji, a lokacin da ɓuntun shinkafar da ta turara yake tsibi guda a bayan injin, kuma shi ma makamashi ne. Tokarsa tana da sinadarin silika mai yawa, wanda ake iya gaurayawa a aikin siminti da bulo. Dusar kuma abincin kaji ce da dabbobi, kashinsu ya koma gonar da shinkafar ta fito. Ma'aikatar gona tana ganin shinkafa, ta muhalli tana ganin tsibin shara da saran daji, ta ciniki tana ganin injin casa, amma ba kasafai ake samun wanda aikinsa shi ne ya ga duka ukun a takarda ɗaya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manoman da ke kewayen birnin Kano sun daɗe suna shigar da itace da amfanin gona cikin gari a kan jakuna, su fito da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida, su zuba a gonakinsu. Da wannan ne ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, duk da yawan jama'ar da ke kanta. A Turai kuma misalin da aka fi ambata shi ne garin Kalundborg na ƙasar Danmak, inda tun shekarun 1970 masana'antu suka riƙa sayar wa juna abin da ya rage musu: tashar wutar lantarki tana ba matatar mai da kamfanin magunguna tururi, tana ɗumama gidajen garin da ragowar zafinta, tokarta ta tafi ga masu siminti, farar ƙasar da take tacewa daga hayaƙinta ta tafi ga masu yin allunan silin da bango. Abin lura a can shi ne, ba wani ofishi ne ya zana tsarin tun farko ya tilasta shi ba. Kamfanonin suna kusa da juna, shugabanninsu sun san juna, kuma kowace yarjejeniya an ƙulla ta ne saboda ɓangarorin biyu sun ga riba. Ina ganin darasi ne ga wurin masana'antun da aka kafa a Dadin Kowa: lokacin rabon filaye, a tambayi kowane kamfani me yake fitarwa da me yake bukata, a zaunar da mai casa kusa da mai abincin kaji da mai bulo, maimakon a bi jerin wanda ya fara neman fili.

Abu na biyu shi ne iyaka. Kogin Gongola ya taso ne daga tsaunukan Filato, ya ratsa Jihar Bauchi, ya shigo Gombe, ya wuce Adamawa inda madatsar Kiri take, ya haɗu da Binuwai a Numan. Duk dajin da aka share a sama, yashinsa da laka a tafkin Dadin Kowa suke taruwa, kuma daga wannan tafkin ne garin Gombe yake shan ruwa, daga shi ake noman rani, daga shi tashar wuta mai megawat 40 take aiki. Madatsar Dadin Kowa kuma tana hannun hukumar raya kogin Binuwai ta Sama ce, wadda ta tarayya ce. Saboda haka manufar da ta tsaya a kan iyakar ƙaramar hukuma ko ta jiha ba za ta kama matsalar duka ba, sai dai a san wane yanki nata ne yake hannunka, wane ne kuma sai an nemi maƙwabta.

Hajiya Mai Injin Casa ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni da nake cikin sana'ar ina so in ƙara wani abu, domin a takarda ɓuntu dukiya ne, a bayan injin kuwa sau da yawa nauyi ne a kanmu.

Ba wai mutane ba su san amfaninsa ba ne. Duk safiya mata suna zuwa da faifai da buhuna, su zauna a gindin tsibin suna sheƙa dusa suna fitar da tsakin da ya ɓuya a ciki, su kai gida ko su sayar. Masu gidan kaji suna aiko da yara su cika buhuna domin shimfiɗa wa kaji. Wasu masu tuwon sayarwa suna da murhun da ake danna ɓuntu a ciki, a bar rami a tsakiya, wuta ta yi ta ci a hankali. Duk wannan yana faruwa ba tare da wata hukuma ta ce a yi ba. Sai dai dukansu na kusa ne, kuma abin da suke ɗiba bai kai abin da injin yake fitarwa a lokacin kaka ba. Ɓuntu ba shi da nauyi amma yana cin wuri, mota takan cika tun ba ta ɗauki abin kirki ba, kuma kuɗin man da zai kai shi nesa ya fi kuɗin kayan. Shi ya sa ake cinna masa wuta, ya yi kwanaki yana hayaƙi ta ciki, maƙwabta suna tari suna kawo ƙara, kuma suna da gaskiya.

An taɓa kawo wa wata ƙungiyarmu injin dunƙula ɓuntu ya zama kamar gawayi, a ƙarƙashin wani shirin tallafi. An yi taro, an ɗauki hotuna, an miƙa mana. Injin yana bukatar wuta mai ƙarfi wadda layin unguwar ba ya ɗauka, idan kuma aka tayar da janareta, kuɗin dizal ya sa dunƙulen ya fi buhun gawayi tsada. Da wani ƙarfe ya ci a ciki, babu maƙeri ko bakanike a kusa da ya san shi. Yau yana nan a rufe da tamfol. Waɗanda suka kawo shi da kyakkyawar niyya suka zo, amma sun dubi injin kaɗai, ba su dubi wutar da zai sha ba, da wanda zai gyara shi, da wanda zai sayi abin da ya fitar.

Don haka, Malam Ɗan Akko, idan za ka rubuta, ka sa nisa da kuɗin mota a cikin lissafinka tun daga farko. Mu abin da muke bukata fili ne inda masu turara da masu casa da masu kaji za su zauna kusa da juna, da wutar da za a dogara da ita, da mai sayen da ba zai ɓace bayan wata uku ba.

Baba Mai Ritaya ya amsa:

Na yi aikin gwamnati tun muna cikin tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ƙirƙiro Gombe a ranar 1 ga Oktoban 1996, kuma ɓangaren tambayarka na biyu, wato na kasafi, shi ne wanda zan iya cewa wani abu a kai, ɗana.

Kasafin kuɗi ana raba shi ne ma'aikata-ma'aikata. Kowane babban sakatare yana zuwa ya kare nasa kason, kuma da abin da ya kashe a ƙarƙashin ma'aikatarsa ake auna shi. Idan aikin haɗa takin gargajiya daga sharar kasuwa zai ci kuɗin ma'aikatar muhalli, amma amfaninsa ya bayyana a gonar manomi, to wanda ya biya ba shi ne zai sami yabo ba, kuma irin wannan aiki shi ne yake fara faɗuwa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Wannan ba muguntar kowa ba ce, haka aka gina tsarin. Maganinsa a ganina shi ne a ba aikin layi guda a kasafi, a ajiye shi a hannun ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, wadda ita kaɗai ce take ganin takardun kowa, a kuma sa wa mutum ɗaya alhakinsa da sunansa. Kwamitin da kowa yake ciki amma babu mai riƙe da kuɗi, zama kawai zai yi ta yi. Jihar tana da tsarin raya ƙasa na shekara goma, daga 2021 zuwa 2030, wanda ake kira DEVAGOM, kuma duk shawarar da za ka rubuta ka nemo inda za ta rataya a cikinsa, domin abin da ba ya cikin tsari da wuya ya sami shiga kasafi.

Sannan ka dubi abin da ake aunawa a kwangila. Muddin ana biyan mai kwashe shara ne bisa yawan tifar da ya kai juji, to ribarsa tana cikin yawan shara, kuma duk wanda ya tsince wani abu a hanya ya rage masa kuɗi. Idan aka sauya sharaɗin, aka ce wani kaso na biyan ya dogara da tsaftar magudanan unguwar da aka ba shi, da yawan abin da ya ware ya miƙa wa masu sarrafawa, za ka ga halinsa ya sauya ba tare da an ƙara ko kwabo ba. Sauya layi biyu a takardar kwangila yakan yi abin da sayen sababbin motoci goma bai yi ba.

Batun mai saye da Hajiya ta kawo, gwamnati ita kanta babbar mai saye ce. Wuraren renon itatuwa suna bukatar taki duk shekara, haka ayyukan gyaran kwari da farfaɗo da ƙasa irin waɗanda ake yi a ƙarƙashin shirin ACReSAL da tallafin Bankin Duniya. Makarantun kwana da gidajen gyaran hali suna dafa abinci kullum da itace. Idan aka rubuta cewa wani kaso na takin da makamashin za a saye shi ne daga masu sarrafa shara na cikin jiha, an samar da kasuwar da za ta riƙe su har su tsaya da ƙafarsu, da sharaɗin a riƙa biyan su a kan lokaci, domin ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya jiran bashin gwamnati.

Kada kuma ka raina matsayinka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da mahautai, da tashoshin mota, da kwashe shara, wato ainihin wuraren da waɗannan kaya suke taruwa. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko yaya aiwatar da hukuncin yake tafiya, ikon ware fili a gefen kasuwa da ikon tsara harajin kasuwar suna kusa da teburinka.

Injiniya daga Bajoga ya amsa:

Ranka ya daɗe Baba, na amfana. Ina da gargaɗi biyu ga mai tambaya.

Na farko, ba kowace shara ce ta cancanci komawa gona ba. Sharar da jakunan Kano suke ɗauka a da toka ce da kashin dabbobi da ɓawo. Ta yau cike take da leda, da fasassun kwalabe, da batura, wani lokaci har da allurai. Manomi yakan sayi tifa guda a zuba masa a gona da rani, ya baza, iska ta kwashi ledar ta rataye a ƙaya da shinge, shanu su bi su haɗiye, kuma kowane mahauci zai gaya maka irin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin saniyar da ta rame ba a san dalili ba. Batirin mota da na sola kuwa dalma ce a cikinsu, kuma fasa su a tsakar gida guba ce ga yara. Don haka rarrabewa tun daga tushe ita ce ginshiƙi, kuma ya fi sauƙi a fara da inda sharar take kusan iri ɗaya, kamar kasuwar kayan gwari, da kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, da mahauta, kafin a je ga gidaje.

Na biyu, 'yan bola jari da 'yan gwangwan su ne suke riƙe da mafi yawan aikin sake sarrafa ƙarfe da roba da gwangwani a garuruwanmu, har maƙeran da suke zuba tukwane daga wurinsu suke samun kaya. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, kuma Jihar Borno ta hana sana'ar tara ƙarafa a 2023 saboda dalilan tsaro da suka shafe ta. Amma a wurinmu, hana su gaba ɗaya gyaran gangar auzinawa zai zama: sharar ta ƙaru, matasan su rasa abin yi. Rajista ta hannun shugabanninsu, da katin shaida, da tilasta wa dillali rubuta sunan wanda ya kawo masa kaya, sun fi kusa da magance satar.

Ɗan Akko ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar taƙaita rubutun a kan kasuwa ɗaya da mahautar da ke kusa da ita, maimakon ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Damuwata ita ce ba mu da alƙaluma, kuma ba mu da kuɗin ɗauko masu bincike. Malam, da me zan cike wannan giɓin?

Malamin Kashere ya amsa:

Alƙaluman suna nan, a bakin mutane suke. Sarkin pawa ya san adadin shanu da awakin da ake yanka ranar kasuwa da sauran ranaku. Direban tifa ya san sawu nawa yake yi a mako da inda yake juyewa, ya kuma san manoman da suke tare shi a hanya su saya da nawa suke biya. Dillalin bola jari yana da sikeli da littafi. Ka nemi sikeli ɗaya da buhuna, ka sa a ware sharar rumfuna kaɗan na tsawon mako guda, a auna mai ruɓewa dabam, leda da roba dabam, sauran dabam, sannan ka maimaita da damina, domin sharar lokacin ɗanyar masara ba irin ta rani ba ce. Ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Jami'ar Tarayya ta Kashere suna neman batun binciken kammala karatu kowace shekara, kuma wasiƙa daga ƙaramar hukuma zuwa ga shugaban sashe takan isa a turo maka su. Idan ka tashi kiran taron farko, ka gayyaci sarkin kasuwa, da sarkin pawa, da shugaban 'yan bola jari, da wakiliyar mata masu turara, da manoma biyu ko uku daga cikin masu sayen shara, kuma ka tabbata ma'ajin ƙaramar hukuma yana zaune a wurin tun daga zaman farko.